Kunyar 'Yar Fari a Zauren Yendi

Salaga, farkon watan Rajab

Zuwa ga ƙanwata Ubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Issahaku da samarin nan biyu. Yaya Bawku, yaya kasuwar albasa? Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai ta ƙi ni, in na je Makango sarin kifi na dawo sai in kwana biyu ina jan ƙafa. Anisatu lafiyarta ƙalau. Ta yi tsawo har ta kamo kafaɗata, tana aji huɗu, bakin nan kuwa ba ya hutawa.

Na kira ki a waya ya fi a ƙirga. Da na ambaci yarinyar sai ki ce "to, to, madalla", ki shiga ba ni labarin ruwan sama. Shi ya sa na ce bari in rubuta in ba Sumaila direba ya miƙa miki hannu da hannu, tunda takarda ba a katse ta.

Ga abin da ke tafe da ni. Kwanakin nan ana ta magana a rediyo, wai a can Accra ana so a gyara dokar riƙon yara. Yadda na ji, duk wanda ke riƙe da yaron da ba shi ya haifa ba sai ya sami takardar hukuma, kuma sai uwa ko uba, wanda ke raye, ya tsaya ya ce shi ya bayar. Ni ban ɗauki abin da zafi ba. Na ce wannan maganar masu kwat ce, ina ruwansu da zangonmu, inda kowane gida akwai ɗan riƙo?

Ashe wani ya ji ya riƙe. Ranar Juma'a sai ga Malam Abdul-Fatawu daga Yendi, wan marigayi mijinki Seidu, a kan babur har da rawani. Na tuƙa masa tuwo, ya ci ya wanke hannu, sannan ya buɗe baki. Wai shi ne waliyyin yarinyar tunda ƙaninsa ya rasu. Wai ni 'yar yayar mahaifiyarki ce kawai, ba jinin ubanta ba, in dokar nan ta zo hukuma za ta iya ƙwace ta ta kai gidan marayu, don haka gara ya ɗauke ta tun da wuri ta zauna cikin 'ya'yansa. Na ce, "Malam, duk shekarun nan kana ina? Ranar da aka yaye ta aka goya mini ita kana wurin, kai ka shafa fatiha." Ya ce wancan zamani daban, wannan daban. Ya ce, "In uwarta ce ta ba ki, to ta zo ta faɗa da bakinta."

Ba mugun mutum ba ne, na sani, tsoro ne ya kama shi. Amma tsoron nasa zai raba ni da 'yata. Ubaida, ki zo. Na san halin gidanmu. Na san 'yar fari ce, tun da kika haife ta ba ki taɓa kiran sunanta ba, ba ki taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, haka iyayenmu suka yi, haka kakanninsu tun zamanin fataucin goro. Amma yau ba ranar rufe fuska ba ce. Ni kaɗai nake ɗauke da wannan kaya, wallahi na gaji, wuyana ya ƙage. Ki zo ki kama mini.

Ki gaida Issahaku da kyau.

Yayarki,
Damata

*

Bawku, ƙarshen Sha'aban

Yaya Damata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya mutanen gida. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Gari ya sake rikicewa, an rufe hanya, Sumaila bai shigo ba sai makon jiya, takardar ta zauna a motarsa har ta ɗauki warin albasa. Mu dai muna nan cikin dokar hana fita, da la'asar kowa ya kama gida. Nazif, ƙaramin, ya yi zazzaɓi amma ya warware. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kina shafa man kaɗanya, kuma ki rage zirga-zirgar Makango.

Na karanta takardarki. Da na kai inda kika ce kin gaji, wuyanki ya ƙage, sai na ajiye ta na shige ɗaki. Yaya, in yarinyar gidanki ce ta yi miki nauyi, ai da kin faɗa mini kai tsaye, ba sai kin jingina da rediyo ba. Na san ciyarwa a yanzu ba wasa ba ce, ga ciwo, ga shekaru. Amma ban taɓa zaton zan ji wannan kalma daga gare ki ba, kuma ta yi mini zafi ƙwarai.

Maganar doka kuwa, mu a nan mun ga dokoki iri-iri, ta safe daban ta yamma daban. Abin da aka ƙulla gaban dattawa, aka raba goro, aka shafa fatiha, wace takarda ce za ta fi shi ƙarfi? Malam Abdul-Fatawu ya yi surutunsa ya gaji.

Kina cewa in zo in faɗa. In faɗi me? In tsaya gaban wan mijina in buɗe baki in ce tawa ce? Ashe ban sha nonon Inna ba. Kin manta abin da Kaka Asana take cewa, Allah ya ji ƙanta, wanda ya yi kyauta yana waiwaye bai bayar ba. Rabona da Salaga da gangan ne, don kada a ce na ba ki da hannu ina leƙe ta taga. Kin ɗauka daɗi nake ji? Duk yarinyar da ta wuce ta gaban rumfata da kayan makaranta sai na kwatanta tsawonta a raina. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba, ke ma don kin tsokano ni ne.

Ga atamfa da takalmi a hannun Sumaila. Ki ce ke kika saya, kamar yadda muka saba. In kuma da gaske kin gaji, don Allah kada ki miƙa wa Yendi. Ki faɗa mini in roƙi Issahaku.

Ƙanwarki,
Ubaida

*

Salaga, tsakiyar azumi

Ubaida,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ya ibada, a yi wa Nazif sannu. Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake.

Haba Ubaida! Wata biyu ina zuba ido a tasha, ashe wannan za ki aiko mini? Ni na gaji da Anisatu? Ni? Yarinyar da ke murza mini gwiwa tana yi mini faɗa wai ba na jin magana? Wadda in na dawo kasuwa ita ke kama mini kwando tun daga bakin titi? Kayan da na ce ya ƙage mini wuya rigimar Abdul-Fatawu ce. Ke dai tun kina ƙarama haka kike, a ce miki ga wuta, ki tsaya kina tambayar wa ya harare ki.

To kafin takardarki ta gama shan warin albasa, magana ta yi nisa. Malam ya je ofishin masu kula da walwalar yara a Yendi ya kai ƙorafi. An sa zama bayan ƙaramar Sallah, ranar Asabar ta biyu, a zauren Limamin zangon Yendi. Wata ma'aikaciyar ofishin za ta zo ta saurara, Madam suke ce mata, 'yar kudu ce, ko Hausa ba ta ji. An ce in zo da yarinya, kuma a nemo uwarta.

Kin san abin da ya gaya musu? Ya ce uwar ta watsar da ita, ta yi aure ta manta, ba ta taɓa taka ƙafa ta duba ta ba. To ki gaya mini, a ido, ƙarya ya yi? Atamfofin da kike aikowa duk da sunana ta sa su. Takalman ma haka. Yau ba ni da shaida ko ɗaya da zan nuna cewa kina tunawa da ita, mu da kanmu muka bi sawun muka share. Ni na san zuciyarki, Allah ya sani, amma Madam ba ta karanta zuciya.

Ba waƙa aka ce ki yi ba. Magana ce gajeriya: 'yata ce, ni na ba Damata, a wurinta nake so ta zauna. Shi ke nan. In sunan ne ya fi ƙarfinki, ki nuna ta da yatsa. Kaka Asana ba ta taɓa zama gaban ma'aikaciyar gwamnati ba, da ta zauna da ta san inda ake ajiye kunya a ɗauko ta daga baya.

Kuma ki sani yarinyar ba jaririya ba ce. Tun tana aji ɗaya na gaya mata wace ce ke. Ta ji za ki zo, ta hana ni sakat, wai in koya mata yadda ake gaida mutanen Bawku, ko durƙusonsu daban ne. Takalmin ya yi mata kaɗan, ƙafarta ta wuce inda kike zato.

Ki ba ni amsa da motar farko.

Damata

*

Bawku, jajibirin Sallah

Yaya,

Salamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen azumi lafiya. Kowa ƙalau. Ki yafe mini, na yi miki mummunar fahimta, shaiɗan ne da zaman kulle. Issahaku ya yarda in zo. Zan biyo ta Gushegu, in hanya ta yi kyau in kwana a Yendi, amma dole in juyo da motar azahar saboda dokar gari. Ki kwantar da hankalinki. In sha Allahu babu wanda zai fita zauren nan yana shakkar ta wace ce.

Ubaida

*

Salaga, ƙarshen Shawwal

Ubaida,

Na daɗe riƙe da biro ina tunanin ko in gaishe ki. Sallama haƙƙin musulmi ce, to salamu alaikum. Na iso Salaga lafiya. Ni kaɗai na iso.

Kin tashi kin bi motar azahar kina ganin kin gama aiki, har kina dafa mini kafaɗa. To zauna ki ji abin da kika yi, tunda na ga alama ba ki sani ba.

Madam ta tambaye ki ta bakin tafinta, ke ce mahaifiyar wannan yarinya? Kika ja mayafi kika juya wa bango. Ta sake tambaya. Kika ce, "'Yar Yaya Damata ce." Ta ce ta ji, amma ke me kike so a yi da ita? Kika ce, "Ni ba ni da magana a kanta." Ina ta taka miki ƙafa kamar zan karya yatsunki, ko gezau. Tsofaffin matan da ke bayan labule ina jin su suna cewa Allah ya yi albarka, 'yar gidan mutunci, ashe har yanzu akwai masu kunya. Su suna yabo, Madam tana rubutu. Ita ba ta taɓa jin ana kunyar ɗan fari ba, a garinsu uwa rungume ɗanta take yi a tsakiyar kasuwa.

Anisatu kuma ta zo ta durƙusa ta gaishe ki yadda muka yi ta gwadawa a tsakar gida. Kika amsa wa tabarma. Ko ɗagowa ba ki yi ba.

Kina fita Abdul-Fatawu ya gyara zama ya ce, "Kowa ya ji. Uwa ta ce ba ta da magana, to gidan uba yana da ita." Na yi bayani har muryata ta dishe. Na ce jama'a, ku fa kun san abin nan, kunya ce, ku ma haka matanku suke yi. Liman ya ce ya sani sarai, amma kunya ba ta hawa takarda, kuma in dokar nan ta zo abin da aka rubuta shi za a duba, kada a wayi gari yarinya ta rasa gidan uwa ta rasa na uba. Madam ta ce ita ba alƙali ba ce, abin da dangi suka amince shi za ta rubuta, in ban yarda ba in tafi kotu. In tafi da wace shaida? Da wadda ta juya wa bango?

Aka yanke yarinya ta zauna gidan baffanta har a ga inda doka ta nufa. Ni kuma an ba ni izinin ziyara. Ziyara, Ubaida! Sau ɗaya a wata, in je in zauna a zaure kamar mai tallan turare, a aika a kira mini ita. Ni da na cire mata haƙorin farko da zare. Ni da na kwana asibiti da ita lokacin ƙyanda. Wai ni ce baƙuwa mai ziyara.

Ta riƙe mini zani da hannu biyu, sai da matar Malam ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Matar ma kuka take yi. Da muka tsaya a Bimbilla, mai kokon da muka saya a wurinta da safe ta ce, "Hajiya, ina 'yar rakiyar taki mai surutu?" Na koma mota na zauna.

Saura ki ji ƙarshen abin haushi. Shekaranjiya na je wurin Wadud, asambuliman ɗin unguwarmu, wato kansilanmu, in ji yadda ake neman takardar nan. Ya dube ni ya ce wace takarda? Wai ba a yi dokar ba. Shawara ce ake tattaunawa, tana iya shekaru, tana iya canzawa, tana iya mutuwa a hanya, kuma shi bai ji inda aka ce za a kwashi 'ya'yan riƙo a kai gidan marayu ba. Kin ji fa. Doka tana can Accra ko takalmi ba ta sa ba, amma ta riga ta shigo ɗakina ta ɗauke mini yarinya. Na aika wa Malam da wannan magana, ya ce abin da aka yanke gaban Liman ya yanku, sai dai in uwar ce ta dawo ta warware.

Ina jin haushin Malam, ina jin haushin rediyo, amma naki ya fi. Kin sami yabon tsofaffi, ki jiƙa ki sha. Kada ki ƙara aiko da atamfa gidan nan, babu mai sawa.

Damata

*

Yendi, watan Zulƙida

Yaya Damata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko za ki amsa ko ba za ki amsa ba. Ya gwiwa? Na baro su Issahaku lafiya. Ki dubi saman takardar nan, daga Yendi nake rubuto miki.

Wallahi Yaya, ranar nan na fita zauren ina ganin na yi miki iyakar abin da 'yar'uwa za ta yi. Na ce a raina, na miƙa ta gaba ɗaya gaban Liman, ban rage wa kaina ko farce ba, yanzu wa zai ƙara taɓa Yaya? Da ta durƙusa a gabana, Allah kaɗai ya san yadda na riƙe wuyana. Na yi kuka a mota har Gushegu, amma ina cewa ba komai, tana hannunki. Sai ga takardarki. Issahaku ne ya tsince ta a ƙasa ya karanta, ya ce, "Tashi ki shirya, gobe akwai mota."

Na fara zuwa ofishin Madam, ta sa aka sake tara mutane jiya a zauren nan dai. Na sauke mayafin daga fuskata. Na dubi Malam Abdul-Fatawu ido da ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka kai ni gidansu. Na ce, "Anisatu 'yata ce. Ni na haife ta, ni na ba Damata, a Salaga nake so ta zauna." Bakina kamar ba nawa ba. Wata tsohuwa a bayan labule ta ce a'uzu billahi, zamani ya zo. Ban mutu ba, Yaya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ashe ba a mutuwa.

Malam ya ce shi gidan marayu ya tsorata, ba ya so a ce jinin Seidu ya shiga hannun hukuma yana raye. Matarsa ta ce a gaya wa Allah gaskiya, yarinyar ba ta cin abinci, kullum tana bakin ƙofa tana leƙen motocin Bimbilla. Ya ce to ta koma, amma ta riƙa zuwa dogon hutu ta san gidan ubanta. Na ce wannan haƙƙinsa ne, na san ke ma ba za ki ƙi ba.

Daga nan Madam ta ce tunda ana rubutu, bari a rubuta mini nawa lokacin ziyarar. Ta sa aka kira yarinyar. Ta ce mata, "Ga mahaifiyarki ta dawo tun daga Bawku saboda ke. Kina so ta riƙa zuwa Salaga tana ganinki?"

Ta juyo ta dube ni. Ranar ce na fara ganin fuskarta sosai tun da aka yaye ta. Ta rame. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ni uwata tana Salaga. Wannan ai ta ce ba ta da magana a kaina, ina nan na ji."

Liman ya daka mata tsawa. Na ce a ƙyale ta, ba ta yi ƙarya ba.

Ki zo ranar Laraba ki ɗauki 'yarki. Kayanta suna ɗaure tun jiya, ita ta ɗaure su da kanta. Ni zan wuce kafin ki iso, don ba na so ta ga fuskata a ranar farin cikinta. Madam ta bar wurin ziyarata a takarda babu komai, ta ce sai ranar da yarinyar ta nema. Don Allah kada ki matsa mata, kada ki miƙa mata waya ki ce ta gaishe ni, kada ki yi mata faɗa a kaina. Ki ba ta abinci ta ci.

In wata rana ta tambaya, ki ce ina Bawku.

Ƙanwarki,
Ubaida